Kawu yace a sa mishi litiyam, nace wane daga ciki?

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da rana ke fara dukan Birnin Kebbi tun ƙarfe tara na safe, ko shago ban buɗe ba sai ga kiran Kawuna daga Jega, ƙanen mahaifiyarmu, shi da ke da shagon ƙanƙara da lemo da fiya wata. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba yace firiza na mutuwa mishi tun ƙarfe ɗaya na dare, kafin asuba ƙanƙara ta koma ruwa, ga zafi ga masu saye sun yi layi babu abin sayar musu. Batir tubula huɗu ne gare shi masu amfiya 220, kuma ko shekara ɗaya da rabi ba su cika ba. Ba ni na haɗa mishi solar ba tun farko, wani ne ya yi aikin lokacin ba ni gari, amma ai in abu ya lalace ɗan gida ake nema.

Da munka isa ni da yarona sai anka buɗe muna ɗakin da batiran suke. Ɗan ƙaramin sito ne mai rufin kwano, ba silin ba taga, kana buɗe ƙofa zafi ya daki fuskarka haɗe da warin nan na ruwan batir mai shaƙe maƙogwaro. Batiran na jere a ƙasa, kawunansu duk sun yi farin gari da kore-kore, 'yan sandunan nan masu nuna yawan ruwa sun nutse gaba ɗaya. Na aje ma'aunin zafi bisa ɗaya, minti biyar ya nuna digiri 46. Na tambayi yaron shago da wane ruwa yake ƙara musu, yace fiya wata mana, ai shi ne mai tsabta. Ban ga laifinshi ba wallahi, ba wanda ya taɓa faɗa mishi cewa tataccen ruwan batir daban ruwan sha daban.

Kawu na tsaye bakin ƙofa yana fifita da hula yace, kai ɗan nan, ni dai a cire min waɗanga a sa min litiyam irin na maƙwabcina, na gaji. Nace to Kawu, wane litiyam daga ciki? Ya dube ni yace au, iri-iri ne? Nace Allah ya ƙara maka lafiya, kai da kanka in mutum ya zo yace a auna mishi shinkafa ai sai ka tambaye shi jamila ko faro, ta rani ko ta damina. Haka abin yake. Suna ɗaya ne anka rubuta a kwali, amma abin da anka shafa a cikin batirin shi ne ke yanke ko zai jure zafinmu ko kuwa zai kumbura, kuma wanga zance shi ne ya sa na zauna rubutun nan don tambayar ba Kawu kaɗai ke yinta ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Akwai wata rana da na fasa wani mataccen sel na tsohon batirin laftof, irin mai kama da batirin tocila ɗin nan da ake kira 18650, wato faɗinshi milimita 18 tsawo 65. Sai da na zuƙe wutarshi tas, na fita waje cikin iska da safar hannu, kuma don Allah kar wani ya ce zai gwada a ɗaki, abin na da haɗari. Da na yanke gwangwanin sai na tarar da abu a naɗe kamar tabarma, ina warwarewa yana ta tsawo. Falle uku ne. Ɗaya jan ƙarfe ne siriri anka shafe shi da baƙin abu, ɗaya alminiyam shi ma da nashi baƙin, tsakaninsu wata farar leda wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, duk sun ɗan jiƙe da wani ruwa mai ƙamshi-ƙamshi kamar na maganin goge farce, nan take ya bushe. Yarona yace Oga yanzu wannan baƙin fentin ne duk kuɗin? Nace shi ne fa. Gwangwani da waya kowa na iya yi, fentin nan biyu da ruwan nan su ne manyan jami'o'i da kamfunan duniya ke kwana ba barci a kansu.

Yadda nake fahimtar da yara shi ne su ɗauka gulbi ne da gaɓa biyu, kamar a Argungu. Gaɓar alminiyam sunanta katod, gaɓar jan ƙarfe anod, ruwan tsakiya kuma shi ne turawa ke kira elektirolait, mu dai ruwan batir munka sani. In kana caji, ƙwayoyin litiyam sai su taso daga katod su yi iyo su haye zuwa anod su zauna. In ka kunna fanka sai su juyo gida. To amma kowace ƙwaya na da abokin tafiyarta, wato ilektiron, shi kuma ba ya iya ruwa, dole ya zagaya ta gada, gadar ita ce wayar da munka ja, a can bisa gada muke tare shi ya juya muna fanka da firiza. Kaga kenan tambayoyi uku ne kawai, gaɓar nan mutum nawa take ɗauka, waccan nawa, shi kuma ruwan yana barin a wuce lafiya ko yana cin mutane.

Batirin Kawu na tubula shi tsohon hannu ne, wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro irinshi tun 1859, dalma ce gaɓa biyun, ruwan kuma asid. Yana da arha wajen saye kuma ya yi wa duniya aiki, amma kilo ɗaya nashi bai wuce ya riƙe wat-awa 30 zuwa 40 ba, kuma in kana son ya daɗe rabin abin da ke cikinshi kaɗai za ka ci. Batiran Kawu huɗu a takarda sun haura kilowat-awa 10, a aikace biyar da ɗan kai ne, ga nauyi ya haura kilo ɗari biyu. Sannan masu ƙera shi a zafin digiri 25 suke auna rayuwarshi, kuma abin da anka sani shi ne duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwananshi biyu. To ka yi lissafin ɗakin da ke 46. Ni abin da ya fi damuna da shi ma ba mutuwarshi ba ne, inda gawar ke zuwa ne. Na sha ganin 'yan gwangwan na fasa shi da gatari a bayan gida, a zubar da asid a ƙasa, a narke dalmar a buɗaɗɗiyar wuta yara na wasa kusa. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a ba mu labarin dalma ba, a 2010 yara sama da 400 sunka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Dalmar can da ta cikin batir abu ɗaya ne.

Yanzu mu dawo kan katod, don nan ne amsar tambayar da na yi wa Kawu take. Wanda ya fara buɗe hanyar batirin litiyam Stanley Whittingham ne a shekarun 1970 yana aiki da kamfanin mai na Exxon, sai John Goodenough a jami'ar Oxford ta Ingila ya gano a 1980 cewa haɗin litiyam da kobal yana ba da kusan bolt 4, sai Akira Yoshino na Japan ya kawo anod na gawayi a 1985, kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa a 1991. Su ukun anka ba kyautar Nobel a 2019, Goodenough lokacin yana da shekara 97, ya rasu a 2023 yana da shekara 100 cif. Katod ɗin kobal ɗin nan shi ne har yau a yawancin wayoyinmu. Daga baya anka rage kobal anka ƙara nikel da manganis, shi ne ake rubutawa NMC, na motocin lantarki da yawa, kilo ɗaya na iya riƙe wat-awa 200 zuwa sama da 250. Ƙarfi kam akwai. Matsalarshi biyu, kobal na da tsada kuma kusan kashi 70 cikin 100 nashi daga Kwango yake fitowa inda har yara ke shiga rami, sannan ga halinshi in ya ji wuta. Tsarinshi hawa-hawa ne kamar an jera faranti, iskar oksijin na maƙale tsakani ba da ƙarfi sosai ba, in zafin cikin sel ya kai wajen digiri 200 sai ya fara sakinta, wato batirin da kanshi yake ba wutar iskar da za ta ci, shi ya sa gobararshi ke da wuyar kashewa.

Ɗaya katod ɗin shi ne nake so kowa ya haddace sunanshi, LFP, wasu kwalayen su rubuta LiFePO4. Litiyam ne da baƙin ƙarfe da fosfet, fosfet ɗin nan dai dangin wanda ke cikin takin zamani. Shi ma daga ɗakin binciken Goodenough ya fito, a jami'ar Texas wajen 1996 zuwa 1997. Ba kobal ba nikel. Fosfet ɗin ya riƙe oksijin gam kamar an ɗaure da tsarkiya, ko ya yi zafi ba ya sakinta da sauƙi, kuma ginin cikinshi ba ya motsi sosai in litiyam na shiga da fita, shi ya sa mai kyau daga cikinsu ke yin caji dubu uku zuwa dubu shida kafin ya gaji, in kana cika shi kana zuƙewa sau ɗaya kullum ka ga ana maganar shekara takwas zuwa sama. Aibinshi kawai ya fi NMC nauyi, bolt ɗinshi 3.2 ne maimakon 3.7. To mai mota a Turai ya damu da nauyi, Kawu da zai kafe shi a bango mi ya dame shi? Yanzu ma ana ƙara mishi manganis don a ɗaga bolt ɗin zuwa wajen 4, shi ne LMFP, an fara sa shi a wasu motoci a China.

Kuma ga hanya mai sauƙi ta gane wanda ake sayar maka ko mai shago bai faɗa ba. Dubi lambar bolt a jikin kwali. In ka ga 12.8 ko 25.6 ko 51.2, LFP ne, don 3.2 ne anka ninka sau 4 ko 8 ko 16. In ka ga 11.1 ko 14.8 ko 3.7 to NMC ne ko danginshi. Sannan akwai wani wayo da ya yi yawa, a ce maka batir mai bolt 48 amfiya 100, ka ɗauka mai bolt 51.2 ne, wato kilowat-awa 5.12, ashe sel 15 ne ciki ba 16 ba, 4.8 kenan, an cire maka sel guda kuma kuɗin kusan ɗaya. Shi mai sel 15 ba jabu ba ne, yana aiki, amma a faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake saye. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wani akwati da anka kawo min gyara kwanaki, fenti mai kyau, sitika na sheƙi, na kwance sai ga tsofaffin sel na laftof kala-kala an lanƙwama su da dalma, wasu ja wasu shuɗi, kowane da shekarunshi, kuma a ɗakin kwanan mutum da iyalinshi anka kafe shi. Ranar ban iya cin abinci da daɗi ba.

Ɓangaren anod kuwa kusan duk batiran litiyam na kasuwa abu ɗaya suke amfani da shi, girafait, baƙin nan na bakin fensir. Falle-falle ne, litiyam na shiga tsakani ya kwanta, amma sai ƙwayar gawayi shida ke ɗaukar litiyam ɗaya, iyakarshi miliamfiya-awa 372 a kowane giram, an kai ƙarshen bango. Silikon kuwa, wanda ake samu daga yashi, yana ɗaukar kusan ninki goma. To mi ya hana a koma mishi gaba ɗaya? Ka taɓa zuba wa garin kwaki ruwa ka bar shi? Haka silikon yake yi, in ya sha litiyam sai ya kumbura har wajen kashi 300 cikin 100, in ya saki ya motse, yau kumburi gobe motsewa har ya farfashe ya zube daga jikin jan ƙarfen. Dabarar da anka samu ita ce a niƙe shi ƙanana ƙwarai a ɓoye shi cikin gawayi mai ramuka-ramuka inda zai samu wurin kumbura, a haɗa kaɗan da girafait. Wayoyin China na kwanan nan irin su Honor da OnePlus da Xiaomi da kake gani da batir mai miliamfiya-awa 6000 ko 7000 amma ba su yi kauri ba, sirrin kenan.

Ruwan batirin shi ne mutane ba su cika zancenshi ba alhali a wurinmu nan shi ne mai ciwon. Wani gishiri ne na litiyam anka narke cikin ruwa mai dangantaka da fetur wajen kama wuta, kuma gishirin ba ya shiri da laima ko kaɗan, in ya haɗu da ruwa yana haifar da wani mugun asid, shi ya sa ɗakin da ake haɗa sel a masana'anta ya fi tsakiyar hunturu bushewa nesa ba kusa ba. Ranar da anka fara cajin sabon sel, ruwan nan sai ya ɗan ƙone a fuskar anod ya bar wani siririn ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ƙanzon nan alheri ne, shi ke hana sauran ruwan ci gaba da lalacewa, litiyam na ratsa shi ya wuce. Amma zafi na sa shi ƙara kauri, kuma duk kaurin da ya ƙara litiyam ya ci wanda ba zai dawo ba har abada, ga iska da ke taruwa ciki. Wayar da ka bari bisa dashbod a tasha ka ga bayanta ya ɗago, abin da ya faru kenan. Don haka ko LFP ɗin da nake yabo kar wani ya ɗauka ƙarfe ne, ruwan cikinshi iri ɗaya ne da na sauran, zafi na tsofar da shi kuma in anka matsa mishi yana iya fitar da hayaƙi mai kama wuta. A bar shi cike taf cikin zafi kwana da kwanaki shi ne mafi muni.

Wanga ruwa ne ya sa ake ta neman batirin da ba ruwa cikinshi sam, a sa abu mai tauri a tsakiya wanda litiyam zai iya ratsawa. In anka dace da haka ana iya jefar da girafait a sa zallan ƙarfen litiyam a anod, mai ɗaukar miliamfiya-awa 3860 a giram, wanda yanzu ba a iyawa don in ana caji yana tsiro da wasu tsinkaye kamar ƙayar aduwa su huda farar ledar nan su haɗa gaɓa biyu, sai wuta. Iri biyu ne sunka fi suna. Akwai na tangaran da anka fitar a jami'ar Kiel ta Jamus a 2007, yana da juriya amma yana da tauri da saurin tsagewa. Akwai na farar wuta, wanda Ryoji Kanno da mutanenshi sunka nuna a Tokyo a 2011 cewa litiyam na gudu cikinshi kamar yadda yake gudu cikin ruwa, shi kuma in ya shaƙi laima sai ya saki iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai mai guba. Babbar wahalar dai ita ce ruwa na shiga kowane lungu ya jiƙa, amma dutse da dutse in ka haɗa su wuri kaɗan ke taɓa juna, ga gaɓoɓin na kumbura suna motsewa, sai an matse su da ƙarfi kullum. Toyota tace tana sa ran fitar da nata tsakanin 2027 da 2028. Ina yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, amma motoci masu tsada zai fara shiga, zai daɗe kafin ya iso shagon ƙanƙara a Jega. Haka batirin litiyam da farar wuta a katod, a takarda miliamfiya-awa 1675 a giram, amma farar wutar na narkewa cikin ruwan ta yi ta yawo tsakanin gaɓa biyu har batirin ya mutu da wuri, shi ma ana kan fama.

Wanda ni zuciyata ke kanshi shi ne na sodiyam. Sodiyam fa shi ne na cikin gishirin miya, kuma sinadarin da masana'anta ke farawa da shi ɗan uwan kanwa ne, kanwar nan da iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuka da wake. Ba ƙasar da za ta riƙe wa wata wuya a kanshi. Abin da ya tayar da maganarshi shi ne tsadar litiyam, a ƙarshen 2022 tan ɗaya na garin litiyam da masana'anta ke saye a China ya kusa yuwan 600,000, kafin ya faɗo ƙasa da 100,000 daga baya. Kamfanin CATL, wanda ya fi kowa ƙera batir a duniya, ya nuna nashi na farko a 2021 mai wat-awa 160 a kilo, a 2025 ya fito da wani mai 175, kaga ya kamo ƙafar LFP. Ba ya buƙatar jan ƙarfe, alminiyam ne gaɓa biyun, kuma ana iya zuƙe shi har sifili a yi doguwar tafiya da shi ba tsoron gobara, wanda duk mai ɗauko kaya daga Legas cikin tirela ya san darajar haka. Gaskiya kuma sai an faɗe ta, faɗuwar kuɗin litiyam ta sa LFP ya yi arha har sodiyam bai samu ya doke shi a farashi ba tukuna, sannan abin da anka fi yabonshi da shi jure sanyi ne, mu kuwa ba sanyi ke kashe muna batir ba. Kuma a matsayina na mai haɗawa, bolt ɗinshi na sauka da nisa tsakanin cika da ƙarewa, ba kowace inbata ce za ta iya binshi har ƙasa ba.

To ga inda abin ya zo har ƙofar gidanmu. Ƙwayar sodiyam ta fi ta litiyam girma, ba ta zama cikin girafait, sai anka koma wa wani gawayi mai tauri wanda cikinshi a hargitse yake da ramuka, kuma daga tsiro ake yinshi, a gasa ɓawon kwakwa ko makamancinshi a zafin da ya haura digiri 1000 ba tare da iska ta shiga ba. Buntun shinkafa na cikin abubuwan da masu bincike ke gwadawa. Bayan haka buntu na da wata baiwar, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 nashi silika ne, shi ya sa yake ƙaiƙayi a jiki kuma dabba ba ta son shi, kuma silikar tashi Allah ya halicce ta da ƙananan ramuka tun asali, irin ramukan da ake wahalar ƙerawa don silikon ya samu wurin kumbura. A 2013 masu bincike a Koriya ta Kudu da kuma jami'ar Stanford ta Amurka sun ciro silikon daga buntu sunka yi anod da shi ya yi aiki. Duk buhu biyar na shanshera kusan nauyin buhu ɗaya buntu ne. Yanzu duk wanda ya bi bayan injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi ko Argungu ko Kamba ya ga tsaunin buntu, wani wuri yana ta cin wuta a hankali kwana da kwanaki hayaƙi na shiga gidajen mutane. Duk sanda na wuce sai na tsaya da ido.

Ga kuma dutsen litiyam ɗin kanshi ana haƙa a Libata cikin ƙaramar hukumar Ngaski, a jihar Nasarawa ma an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, ga fosfet a ƙasar Sakkwato. Ban ce gobe za mu ƙera sel ba, tsakanin dutse da garin da ake shafawa a katod akwai tacewa har sai ya kai tsabtar kashi 99.5, kuma yawancin wanga aiki a China ake yinshi, nan ne ribar take. Amma gasa buntu a auna irin gawayin da ya bayar, a haɗa ɗan ƙaramin sel kamar kwabo a gwada shi a zafin 45 irin namu, wannan aikin ɗalibi ne da malaminshi, kuma muna da jami'a a Aliero, muna da ta tarayya a Kalgo, ga foliteknik ta Waziri Umaru inda ni kaina na koyi riƙe mita. Ina kwaɗayin in ga ƙanenmu masu karatun kimiyyar sinadarai sun ɗauki wanga a matsayin furojet, ni kuma in sun zo neman matattun sel ko wurin gwaji shagona a buɗe yake.

Kawu dai LFP munka sa mishi, mai sel 16, bolt 51.2 amfiya 100, sai da na sa anka buɗe murfin a gabana na ƙirga sel ɗin na duba allon da ke tsaron cajinsu kafin ya biya. Na ƙi yarda a mayar da shi sito mai kwano. Akwai wani ɗaki na ciki ginin ƙasa mai rufin azara inda yake aje buhunan sukari, nan munka kafe shi a bango, munka huda 'yar taga sama da ƙasa don iska ta riƙa zagayawa, na aje ma'auni ya nuna 34 da tsakar rana. Na sauya saitin inbata, na tsayar da caji a bolt 56, na kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa tubula lokaci-lokaci don shi litiyam illa yake mishi. Tsofaffin huɗun kuma nace kar a ba kowa ya fasa su a unguwa, munka ɗora su a mota yadda suke da ruwansu zuwa wurin dilan da ke karɓa yana turawa masana'anta.

Da munka gama Kawu ya shigo ya tsaya yana kallon akwatin, ya sa hannu ya shafa gefenshi, yace yanzu ɗan wannan ne zai yi aikin waɗancan huɗun? Nace in sha Allahu Kawu, har da ƙari. Ya zagaya ta ɗaya gefen yana leƙen sama da ƙasa, can yace to ta ina ake zuba mishi ruwan? Nace ba a zubawa, nashi na ciki an rufe shi tun daga masana'anta, abin da yake so gare ka inuwa ce kawai da iska. Sai ya kira yaron shago yace ya kwashe buhunan sukarin nan daga bakin tagar.